Mai Suna Ya Tara

Innarmu ba ta taɓa aiken yaro kasuwa ta ce masa "sayo mai" kawai ba. Sai ta faɗa masa wane mai, wurin wa, da yadda zai gane in an yi masa algus. In man gyaɗa ne, a ɗiga a bayan hannu a murza a shinshina, in ƙamshin soyayyar gyaɗa bai tashi ba a ajiye wa mai kaya kayansa. In manja ne a lasa, kada ya yi maƙaƙi a wuya. In man shanu ne a tambayi Bafulatana ko soyayye ne ko ɗanye. Ita da kanta ta yi shekaru tana matsar mai. Mun tashi muna ganinta tana soya gyaɗa a kasko, ta murje, ta bushe, a kai inji a niƙo, sannan ta zauna da muciya tana tuƙawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya fara tsatsafowa ta gefen turmi, tunkuza ta koma gefe ta jira a murza ƙuli-ƙuli. Wanda ya ga wannan wahala da idonsa ba ya yarda a cika masa kwalba da abin da bai san asalinsa ba. Takan ce mai suna ya tara, har da na fitila.

Wannan magana tata ce ta dawo mini bara da hunturu, a kan wani al'amari da ban taɓa zaton zai haɗu da kwalbar Inna ba. Yayana yana da karen gadi a gidan gonarsa, Baƙi, wanda ya shekara tara yana kwana a bakin garken awaki. A wannan sanyin sai muka lura tashi daga kwance ya zame masa aiki. Sai ya kafa ƙafafun gaba ya ɗan jira, kamar tsoho yana neman sandarsa, kafin na bayan su biyo. Gashinsa ya dushe, gadon bayansa duk amosani. Yaya ya shiga birni ya sayo wata kwalba a wani shagon kayan dabbobi, da hoton kare mai sheƙi a jiki, an rubuta Omega 3-6-9 da manyan haruffa. Wata biyu yana zuba masa a abinci, babu abin da ya sauya. Daga nan muka ɗauki kare da kwalba muka tafi wurin likitar dabbobi.

Abin da ta fara yi ya burge ni. Ko kallon hoton karen ba ta yi ba. Ta juya kwalbar ta karanta ƙananan rubutun baya, ta ce, "Alhaji, yawancin abin da ke cikin nan kana da shi a madafin gidanka." Yaya ya ce, "Likita, ai omega ne, har kala uku." Ta ce, "Shi ya sa. Ɗaya kake nema, an sayar maka da uku, kuma wanda kake nema shi ne mafi ƙaranci a ciki."

Omega dai harafi ne na ƙarshe a haruffan Girkanci. Masana sun ɗauke shi su riƙa ƙirga daga wutsiyar sarƙar sinadarin kitse zuwa inda ta fara lanƙwasa, in a gaɓa ta uku ne su ce omega-3, in ta shida ce omega-6. Suna ne na dangi, kamar a ce hatsi. Gero hatsi ne, dawa hatsi ce, maiwa ma haka, amma mai son fura ba ya karɓar dawa don an ce masa duk hatsi ne. Omega-9 jikin kare da na kyanwa suna ƙera shi da kansu, kuma shi ne ya fi yawa a man gyaɗa da man zaitun. Omega-6 dole ne dabba ta samu daga abinci. An gano haka tun 1929, lokacin da George Burr da matarsa Mildred a Jami'ar Minnesota ta Amurka suka hana ɓeraye kitse baki ɗaya, fatarsu ta yi ɓawo, wutsiyarsu ta lalace, girmansu ya tsaya. Sai dai omega-6 ba abu ne mai wuya ba. Yana cikin masara, da kitsen kaji, da man gyaɗa, da man riɗi, da man waken suya. Karen da ke cin abincin leda, ko wanda ake dafa wa tuwon masara da ƙafar kaji, da wuya ya rasa shi. Wanda ke ƙaranci a kwanon dabba shi ne omega-3, kuma a nan ma sai an sake tambaya irin ta Inna: wanne daga ciki?

Guda uku ake magana a kai. Akwai ALA, wanda ke cikin man tsirrai irin su filaks da ɗan kaɗan a man waken suya. Akwai EPA da DHA, waɗanda ke cikin kifin teku mai maiƙo. EPA shi ne aka fi dangantawa da kwantar da kumburi a gaɓɓai da fata, DHA kuma tubali ne na ƙwaƙwalwa da ido, shi ya sa ake ƙara shi a abincin kwikwiyo. ALA kamar ɗanyar gyaɗa ce, EPA da DHA su ne man da aka riga aka matse. Ka ba mace tiyar gyaɗa, in tana da kasko da turmi da ƙarfi za ta fitar da mai. Jikin kare yana da kayan aikin amma ba su da kaifi, kaɗan yake iya juyawa zuwa EPA, na DHA ma ya fi ƙaranci. Kyanwa kuwa kusan ba ta da turmin gaba ɗaya. Halittarta ta mai cin nama ce, an yi ta ne ta sami kitsenta a matse daga jikin abin da ta kama. Shi ya sa ko a ɓangaren omega-6 akwai wani nau'i da kare ke haɗa wa kansa, ita kuwa sai ta ci a kitsen dabba. Kwalbar Yaya man filaks ne da man sunfulawa, da ɗan ɗigon man kifi don a sami abin rubutawa. Ya yi wata biyu yana zuba wa tsohon kare ɗanyar gyaɗa.

Kifin ma ba shi ke ƙera omega-3 ɗin ba. Daga ƙananan gansakukar teku yake farowa, ƙananan halittu su ci, ƙananan kifaye su cinye su. Babban kaso na man kifin da ake sayarwa a duniya daga wani ƙaramin kifi ne da ake kamawa a gaɓar tekun Peru, dangin ancobi, sai sadin da makamantansu. An fi son ƙanana masu gajeren rai saboda ba sa daɗewa balle su tara dattin teku a jikinsu kamar manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu. Yanzu har ana noma gansakukar a tankuna a matse manta kai tsaye, ga dabbar da jikinta ba ya karɓar kifi.

Wurin da aka fi cutar mai saye shi ne awo. Kowa ya san mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki: a ido mudu ne, a tukunya bai kai ba. Gaban kwalba zai ce miligiram 1,000 na man kifi a kowane kafso. Wannan nauyin man ne gaba ɗaya. Ka juya baya, a yawancin na gama-gari za ka tarar EPA 180, DHA 120, jimla 300. Sauran 700 ɗin wasu kitse ne da ba su kake nema ba. Akwai waɗanda aka tace suka ninka haka, akwai kuma waɗanda ba su rubuta EPA da DHA ɗin ba sam, sai dai su ce "omega mai yawa". Irin wannan ni a ganina a mayar da ita kan kanta, domin mai kayan da ya ƙi buɗe bakin buhu ya san abin da ke ciki. In za a gwada farashin kwalba biyu, da jimlar EPA da DHA za a gwada, sau da yawa mai tsadar a ido ita ce mai arha a lissafi.

Likitar ta ɗauki biro ta yi mana lissafin a bayan takarda. Majalisar binciken kimiyya ta Amurka, NRC, ta fitar da littafin bukatun abincin karnuka da kyanwoyi a 2006. A ma'auninta, lafiyayyen kare mai kilo 20 kamar Baƙi yana bukatar kusan miligiram 280 na EPA da DHA a haɗe a rana, wato kafso ɗaya na gama-gari ya isa. Iyakar da ta ce kada a wuce wa kare mai wannan nauyi kuwa kusan 3,500 ce. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ake aikin magani. Abin da likitoci ke ba karen da ke fama da amosanin gaɓɓai yana kusa da saman filin, abin da zai kai kafso tara ko goma na gama-gari a rana. Kafso goma giram goma ne na mai. Ga tsohon karen da ba ya yawan motsi, wannan ƙarin kitse ne da za a ga alamarsa a haƙarƙari, kuma babu abin da ke cin gaɓar da ke ciwo kamar ƙiba. Don haka ta zaɓa masa wanda aka tace, ta ce a rage masa wani abu a kwano, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa mako-mako. Ta ƙara da cewa wannan lissafi na kare ne, kada wani ya raba shi gida huɗu ya ce ya sami na kyanwa.

Duk wadda ta iya girki ta san wannan ba tare da an koya mata lamba ba. Ludayin man da ke gyara miyar kuka shi ne ke lalata ta in ya zama uku, ya taso sama ya kwanta, mai ci ya kwana yana zarya. Dabba ma haka. Alamar farko ta an zarce ita ce zawo da amai, da kashi mai maiƙo. Yawan man kifi yana iya rage saurin daskarewar jini da warkewar rauni, shi ya sa ake faɗa wa likita in za a yi wa dabba tiyata ko tana shan wani magani. Karen da ya taɓa kumburin fankiriyas kuwa, ba a ƙara masa kowane irin mai sai da izinin likita.

Akwai wani kuskure da ya fi kusa da mu, saboda yawancinmu mun sha kodliba muna yara, muna toshe hanci. Sai mutum ya ga ai man kifi ne, ga shi a kowane kemis, bari ya ba karensa. Kodliba daga hantar kifi ake matso shi, hanta kuwa rumbu ce ta bitamin A da D. Waɗannan biyun ba sa fita da fitsari, taruwa suke yi a jiki. Kafin ka ba da adadin da zai kai EPA da DHA ɗin da gaɓa ke bukata, ka riga ka cika dabbar da bitamin ɗin da zai iya taɓa ƙashinta da ƙodarta. Haka ma man kifi na mutane da aka sa wa zaƙi ko ɗanɗano don yara. Wasu kayan zaƙi na zamani, musamman wanda ake kira zailitol, guba ne ga kare ko da kaɗan ne. Kafso na mutane da babu komai a ciki sai man kifi zalla da bitamin E yana iya yi, in likita ya duba ya auna.

Batun da ya fi damuna shi ne tsufan mai, domin shi ne ƙasarmu ta fi tsananta. Inna ba ta ajiye man gyaɗa a taga. A lungun ɗaki yake zama, bakin kwalba a toshe da totuwa da leda, kuma ba ta matsar wanda zai wuce makonni. Ta san iska da rana da zafi su ne ke sa mai ya juya ya yi ɗaci. To man kifi ya fi man gyaɗa saurin juyawa nesa ba kusa ba, domin lanƙwasar nan da ke sa shi amfani ita ce ƙofar da iska ke shiga ta lalata shi. Ka yi tunanin kwalbar da ta taso daga Turai ko Amurka, ta yi makonni a kwantena a tashar Legas, ta hau babbar mota zuwa Arewa, ta zauna a kantar shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kwanan watan da ke jikinta yana iya cewa da saura, alhali abin da ke ciki ya riga ya gama. Gwajin ba wuya, irin na bayan hannun Inna ne. A huda kafso ɗaya da allura a matse a yatsa a shinshina. Mai kyau ƙarninsa kaɗan ne, kamar ɗanyen kifi sabon kamu. Wanda ya juya yana da wari mai hawa kai, kamar tsohon fenti ko kifin da ya kwana a rana. Irin wannan ba a ba dabba, ko da ta yarda ta ci. Kyanwa ma sau da yawa ita ce ke fara faɗa maka, ta shinshina kwano ta juya baya. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, na fi son kafso a kan man ruwa mai famfo, domin kowane kafso a rufe yake har ranar da za a yi amfani da shi. Na fi son ƙaramar kwalba mai duhu da za ta ƙare cikin wata ɗaya ko biyu a kan babbar da aka yi wa rangwame. In akwai firji a sa a ciki, in babu, gindin randa ya fi kan kanta.

Game da shaidar inganci, Inna tana da mutanenta a kasuwa waɗanda ta yarda da su saboda shekaru. Mai sayen kayan kwalba ba ya ganin fuskar wanda ya matsa, sai dai tambari. A Najeriya a nemi lambar NAFDAC. Kayan Amurka wasu suna ɗauke da hatimin ƙungiyar NASC, wadda ke bincikar yadda kamfani ke haɗa kayansa da yadda yake rubutu a jikin kwalba. Hatimin yana nufin an bi tsari, ba ya nufin man zai warkar da karenka. Kamfanin kirki kuma yakan nuna sakamakon gwajin da wani ɗakin bincike na waje ya yi wa kayansa.

Wani zai ce, me ya sa ba za a ba da kifin kansa ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ga mutane da yawa ita ce hanya mafi sauƙi. Kifin ƙanƙara da muke kira titus da shawa kifayen teku ne masu maiƙo, suna da EPA da DHA sosai, sun fi tarwaɗarmu ta tafki nesa. Ɗan yanki dafaffe, an zare ƙaya, babu gishiri, sau ɗaya ko biyu a mako, yana yi wa lafiyayyar dabba amfani. Sai an dafa, domin wasu kifaye in ɗanye ne suna da wani sinadari da ke kashe bitamin B1. Kada kuma a tsamo shi daga miyar gida, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da na kyanwa. Sannan kada kifi ya zama shi ne abincin gaba ɗaya. Kyanwar da aka ɗora a kan kifi mai maiƙo kullum ba tare da isasshen bitamin E ba tana iya kamuwa da wata cuta da kitsen jikinta ke kumbura ya koma rawaya, har ta riƙa kuka in an shafa bayanta. Ina faɗin wannan ne saboda na san gidaje da yawa da ke nuna wa mage ƙauna da kan kifi safe da yamma.

Ya kamata a san abin da man zai iya da wanda ba zai iya ba. Shaidar da ta fi ƙarfi tana wajen ciwon gaɓɓai. A 2010 mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta buga wani bincike a kan karnuka 127 masu amosanin gaɓɓai, inda masu karnukan da aka ba abinci mai yawan man kifi suka ba da rahoton sun fi iya tashi daga kwance da yin wasa bayan mako shida, tafiya kuma ta gyaru bayan mako goma sha biyu. Da hannun wani kamfanin abincin dabbobi a binciken, ya kamata a riƙe wannan a rai, amma wasu binciken sun zo da abu makamancin haka. Ana kuma amfani da shi a matsayin mataimaki wajen ƙaiƙayin fata da ciwon ƙoda da wasu cututtukan zuciya. Mataimaki ne, kuma mai aiki a hankali kamar taki a gona, wanda ba a zubawa yau a duba zangarniya gobe. Kafin a yanke hukunci a kan fata ko gaɓa sai an ba shi wata biyu zuwa uku. Mai kuma ba ya rufe miyar da babu daddawa babu gishiri. Karen da kaska da ƙuma suka cika, ko tsutsar ciki ke cinye abincinsa, ko ƙazuwa ta kama, gashinsa ba zai yi sheƙi ba ko ka juye masa galan. Likitar ma sai da ta duba Baƙi sosai, ta ba shi maganin tsutsa da na kaska da na rage zafin ciwo, kafin ta zaɓa masa mai. Ƙaramin kare lafiyayye da ke cin cikakken abincin da aka riga aka sa wa man kifi kuwa, mai yiwuwa ba ya bukatar ƙari ko kaɗan, kuɗin ya fi amfani a allurar rigakafin haukan kare.

Baƙi ya shiga wata na huɗu a kan sabuwar kwalbar lokacin da na sake zuwa gonar. Ƙaramar kwalba ce mai ruwan ƙasa, Yaya ya ajiye ta a cikin wani kwano mai murfi a gindin randa, yana huda kafso yana matsewa a kan tuwon karen da yamma. Ya rubuta ranar da ya buɗe ta da biro a jikin murfi. Tsufa bai koma baya ba, har yanzu ƙafar hagu ta baya tana ɗan ja in ya daɗe a kwance. Amma amosanin gadon bayan ya tafi, kuma da asuba da aka buɗe garke na ga ya miƙe a yunƙuri ɗaya ya bi awakin har bakin rafi. Da na ba Inna labari a waya, ba ta tambayi sunan kamfanin ba. Ta ce, "Kun dai shinshina kafin ku ba shi?" Na ce mun shinshina, Inna. Ta ce to a riƙa toshe bakin kwalbar da kyau.